Tsofaffinmu Tsakanin Kwalbar Bitamin Da Kwanon Abinci

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga gadar Ɗangi ya nufi Unguwa Uku, ko kuma ya kutsa ta Titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi, ba sai an nuna masa ba, zai ga yadda shagunan sayar da magani suka yi wa yankin ƙawanya. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a shekarar 1988, kuma duk inda babban asibiti ya zauna, kasuwar magani kan biyo shi. Abin lura shi ne irin kayan da aka fi jerawa a gaban kanta, daidai inda idon mai saye zai fara sauka. Kwalabe ne masu ɗaukar ido da kwalaye masu hoton dattijo yana murmushi, waɗanda jama'a suka tattara su gaba ɗaya suke kira bitamin, ko maganin ƙarin jini, ko maganin ƙarfin jiki. Da yawa daga cikin masu sayensu ba don kansu suke saye ba. Ɗa ne ya karɓi albashi ya tuna da mahaifinsa, ko kuma 'ya ce za ta je gaida tsohuwa, ta ga bai dace ta shiga gida hannu rabbana ba.

Niyyar kyakkyawa ce, kuma babu mai hankalin da zai aibata ɗan da ya tuna da iyayensa. Sai dai a wannan zamani da cefane ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, ya zama wajibi mu tambayi kanmu ko kuɗin nan yana tafiya inda ya dace. Ra'ayina shi ne, abin da yake zubewa daga jikin tsofaffinmu tsoka ce, kuma kwalbar bitamin ba ta mayar da tsoka. Bitamin yana da muhallinsa, hasali ma akwai dattawan da rashinsa ke cin su a ɓoye ba tare da kowa ya gane ba, amma mun ɗora masa nauyin da ba nasa ba ne, mun bar jaki muna dukan taiki.

Fagena shi ne nazarin harshe, don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan na fara da kalmomi, domin a ganina tun daga bakinmu matsalar ta soma. Wani masani ɗan ƙasar Poland mai suna Casimir Funk ne ya ƙirƙiro kalmar bitamin a shekarar 1912, ya gina ta a kan kalmar Latin mai ma'anar rayuwa. Abin da yake nufi shi ne wasu sinadarai 'yan ƙanana da ke cikin abinci, waɗanda idan jiki ya rasa su sai cuta ta bayyana. To, amma da kalmar ta tashi shigowa Hausa, ta ƙofar asibiti da kemis ta shigo, ba ta biyo ta madafi ba, saboda haka sai ma'anarta ta tsuke, ta koma wani abu da ake ajiyewa a kwalba a saya da kuɗi. Aikatau ɗin da muke haɗa ta da shi ma shaida ne. Cewa muke yi wane yana shan bitamin, kamar yadda ake shan maganin zazzaɓi. Ban taɓa jin wanda ya cinye kwano guda na kwaɗon zogale ya ce yau ya samu bitamin ba, alhali kuwa shi ne ya samu.

Kalma ta biyu ita ce jiki. A wurin mahauci, kowane Bahaushe gwani ne. Ya san tsoka, ya san kitse, ya san ƙashi da jijiya, kuma ba zai yarda a cika masa leda da kitse a ce an ba shi nama ba. Amma da zarar an zo kan ɗan Adam, sai mu haɗa su duka mu ce jiki. Wane ya yi jiki, wance ta murje, Alhaji ya ajiye tumbi hutu ya zauna. Ƙiba ta zama shaidar lafiya da wadata, rama kuwa ta zama abin kunya ga dangi, har a riƙa tsegumin cewa 'ya'yan wane ba sa kula da shi. Abin sha'awa, magabatanmu da suka tsara mana gaisuwa sun fi mu hangen nesa, domin idan aka je duba marar lafiya ko dattijo, cewa ake yi, yaya ƙarfin jiki? Ƙarfi suka tambaya. Wannan kuwa ita ce ainihin tambayar da likitocin tsofaffi na duniya suka dawo kanta bayan dogon bincike.

Abin da binciken ya tabbatar shi ne, daga shekara 30 zuwa sama tsokar mutum kan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma saurin raguwar kan ƙaru bayan shekara 60. A daidai lokacin da tsokar ke janyewa, kitse yana maye gurbinta, yana taruwa a ciki, yana kuma kutsawa cikin tsokar kanta. Wannan ya sa dattijo zai iya hawa sikeli yana da shekara 70 ya ga nauyinsa daidai da na lokacin da yake ɗan shekara 40, ya yi hamdala, alhali kuwa kayan da ke cikin buhun sun sauya. Cinya da damtse sun tsotse, tumbi ya fito, babbar riga ta rufa asiri. A ƙarshen shekarun 1980 wani likita Ba'amurke, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan yanayi suna sakofiniya, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin nama, ɗayar mai nufin rashi ko talauci. Da za a nemi shawarata, talaucin tsoka zan ce a kira shi da Hausa, domin sunan ya dace ta fuska biyu: tsokar ce ta talauce, kuma a ƙasarmu talaucin aljihu ne kan yi mata jagora.

Gano shi ba ya bukatar na'ura mai tsada. Ƙwararrun Turai da suka sabunta ƙa'idojinsu a 2018 sun ce a duba ƙarfin damƙar hannu, idan ya gaza kilo 27 ga namiji ko kilo 16 ga mace, to akwai alamar rauni. Ko kuma a zaunar da mutum a kujera, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15 bai gama ba, a bincika. Akwai ma masu auna kaurin sha-raɓa da tef ɗin tela, idan ya gaza santimita 31 su ɗauke shi a matsayin gargaɗi. Mu kuwa muna da namu ma'aunin da muke gani sau biyar a rana ba mu ankara ba, wato tasowa daga sujada. Duk mai zuwa jam'i a masallatan Tarauni ko Daurawa ko Darmanawa ya san kujerun roba da ake jerawa a gefen sahu. Addini ya yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma wasu ciwon gwiwa ko na baya ne ya zaunar da su. Amma ranar da dattijo ya fara neman kujera, ita ce ranar da ya kamata iyalinsa su kai shi a duba shi, maimakon su ce ai tsufa ne su wuce.

Lamarin ya wuce na jin daɗin tafiya. Tsoka ita ce babbar ma'ajiyar da ke zuƙe sukari daga jini bayan an ci abinci, don haka raguwarta na buɗe wa ciwon sukari ƙofa. Ita ce kuma ke tare mutum idan ya yi tuntuɓe. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ta karya ƙashin ƙugu, ko a ƙasashen da suka fi mu asibitoci, kusan ɗaya cikin biyar na irinta ba sa cika shekara guda a raye. Sannan kwanciya kanta cuta ce: a wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya na kwana goma kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Mai karatu ya kwatanta wannan da tsohon da aka kwantar mako uku a asibiti, aka sallamo shi aka ci gaba da kwantar da shi a gida don tausayi.

To, yanzu mu koma ga kwalba. Shekaru da dama masana sun lura cewa tsofaffin da ke da isasshen bitamin D a jininsu sun fi ƙarfi, kuma wani nazari da aka yi a Norfolk ta Ingila a kan mutum fiye da 13,000, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu samun bitamin C da yawa a abincinsu sun fi yawan tsoka. Masu talla sun riƙe irin waɗannan sakamako gam. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai lafiyar da ke fita rana yana zirga-zirga, kuma yana da halin sayen lemo da gwaiba, dole a same shi da bitamin, dole kuma a same shi da tsoka. Hanyar raba gardama ita ce a ba wasu ƙwayar gaske, a ba wasu ta bogi, a zuba ido. An kuwa yi hakan. A Amurka, gwajin da ake kira VITAL ya ɗauki mutum 25,871, aka riƙa ba rabinsu bitamin D kullum na tsawon shekara biyar. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna bai rage karayar ƙashi ba, kuma wani reshe na gwajin da ya auna jikin mahalarta bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani a yawan kitse ko tsoka ba. A Turai ma, gwajin DO-HEALTH da ya shafi mutum 2,157 masu shekara 70 zuwa sama a ƙasashe biyar, wanda aka buga a 2020, bai samu fa'idar da aka yi fata ba. Mafi ɗaure kai shi ne na Ostireliya a 2010, inda aka riƙa ba tsofaffin mata bitamin D mai yawan gaske a tashi ɗaya sau ɗaya a shekara, sai faɗuwa da karaya suka ƙaru a cikinsu. Ashe ko abin kirki ne, idan ya yi yawa sai ya koma illa.

Gwajin da ya fi burge ni tsoho ne, na shekarar 1994, wanda likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka gudanar a wani gidan kula da tsofaffi a Boston. Mutum 100 ne, matsakaicin shekarunsu 87, raunana ƙwarai. An ba wasu abin sha mai ɗauke da sinadaran gina jiki, an sa wasu motsa jiki na ɗaga nauyi da ƙafa, an haɗa wa wasu duka biyun. Bayan mako goma, ƙarfin tsokar masu motsa jiki ya ninka har da ɗoriya, wasu suka ajiye abin dogarawa mai ƙafa huɗu suka koma sanda. Waɗanda aka ba abin sha kaɗai kuwa, ƙarfinsu bai motsa ba. Tsoka ma'aikaciya ce, idan ba a ba ta aiki ba sai ta tattara kayanta, ko me aka zuba mata.

A nan dole in yi adalci, domin wani zai ce, ai waɗannan gwaje-gwaje a kan Turawa ƙosassu aka yi su, waɗanda yawancinsu ba su da ƙarancin komai tun farko, ina ruwan tsohuwar Unguwar Gano da su? Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ma gundarin batun. Bitamin yana aiki ne a inda aka rasa shi, kamar yadda ruwa ke amfanar shukar da ta yi yaushi, ba wadda ke cikin fadama ba. Tambayar ita ce, wanne tsofaffinmu suka rasa?

Na farko da ya kamata a sa wa ido shi ne B12. Ba a samun sa a hatsi ko ganye, sai a nama da hanta da kifi da ƙwai da nono, wato daidai abubuwan da suka fara ɓacewa daga tukunya idan aljihu ya yi rauni. Bugu da ƙari, tumbin tsoho ba ya fitar da ruwan tsami kamar na yaro, don haka ko ya ci, ba ya tatsar sinadarin yadda ya kamata. Sannan metformin, maganin da aka fi ba masu ciwon sukari, yana rage shigarsa jiki idan an daɗe ana sha, haka ma magungunan gyambon ciki irin su omeprazole, waɗanda mutanenmu ke saye ba tare da takardar likita ba su shekara suna haɗiya. Alamomin rashinsa su ne jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, da dindiris, da tangaɗi wajen tafiya, da mantuwa. Ga inda harshe ya sake yi mana ƙafar ungulu, domin duk waɗannan muna da aljihun da muke jefa su. Idan ƙafa ce mu ce sanyi ne, idan mantuwa ce mu ce rikicin tsufa. Kalmar sanyi a bakin Bahaushe rumbu ce, babu cutar da ba ta ɗauka, kuma da zarar an ambace ta an rufe ƙofar bincike. Alhali gwajin jini guda zai iya nuna matsalar, allura kuma ta yi maganinta idan an kama ta da wuri, kafin jijiyoyi su lalace. Wani abin tsoron shi ne, sinadarin folik da ke cikin yawancin magungunan ƙarin jini yakan gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya haddasa, a ɗauka an warke, alhali jijiya na ci gaba da mutuwa. Kuma ƙarancin jini ga tsoho sau da yawa saƙo ne daga wani wuri, ko ƙoda, ko zubar jini a hanji. Wanda ya toshe bakin ɗan aike da kwalbar tonik bai ji saƙon ba.

Na biyu shi ne bitamin D, wanda fata ke sarrafawa idan rana ta taɓa ta. Za a ce mutumin Kano da rana ai sai dai ya ba wani. Haka ne, amma fatar tsoho ba ta sarrafa shi kamar ta matashi, baƙar fata ta fi bukatar daɗewa a rana, gilashin taga yana tare hasken da ake bukata, kuma kitse yana riƙe sinadarin ya hana shi yawo a jini. A ƙara da yadda gininmu ya sauya. Tsakar gidan da ake shimfiɗa wa tsohuwa tabarma da hantsi, yau a gidaje da yawa an yanka ta an yi ɗakunan haya, ko an rufe samanta da kwano. Akwai Hajiyar da za ta yi mako ba ta ga rana ido da ido ba a tsakiyar birnin da ake kukan zafinta. Game da ƙashi kuwa, akwai darasi daga gida: binciken da likita Tom Thacher ya jagoranta a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi samun sauƙi da sinadarin kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Yara aka bincika, amma ya nuna mana cewa abincinmu na hatsi yana da ƙarancin kalsiyam, kuma maganin da ya dace da mutumin Landan ba lallai ne ya dace da namu ba. Nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, har da miyar kukar da 'yan boko ke rainawa, nan kalsiyam ɗinmu yake.

Abin takaici shi ne hukuma ba ta ƙidaya waɗannan bayin Allah. Babban binciken cin abinci da sinadaran jiki da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a 2021 ya taƙaita ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da 'yan mata masu tasowa, da mata masu shekara 15 zuwa 49. Babu mai musun muhimmancin uwa da jariri. Amma ma'anar wannan ita ce, ranar da mace ta cika shekara 50 ta fita daga littafin masu tsara manufofin abinci, mijinta kuwa dama bai taɓa shiga ba. Ƙaramar Hukumar Tarauni kaɗai an ƙidaya mata mutum 221,367 a 2006, yau kuwa ta ƙara cunkoso, kuma a cikinta akwai tsofaffin ma'aikata na rukunin gidajen Kundila, akwai kuma tsofaffin da ba su taɓa sanin wani abu wai shi fansho ba, waɗanda su ne mafiya yawa.

Mu duba kwanon nasu. Masana abincin tsofaffi sun yi ittifaƙi tun 2013 cewa dattijo mai lafiya yana bukatar furotin, wato sinadarin gina tsoka, giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, fiye da abin da aka ƙayyade wa matashi, domin tsokarsa ta zama mai taurin kunne, sai an ɗaga mata murya. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin nono kimanin 8, giram 100 na busasshen wake fiye da 20, gyaɗa ma haka. Yanzu a auna da abin da tsoho ke ci a gidaje da yawa: koko ko shayi da burodi da safe, taliya ko shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da miyar da nama ya yi mata ƙaura da dare. Ciki ya cika, amma tsoka ta kwana da yunwa. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 mafi arahar abinci mai gina jiki na mutum ɗaya a rana ya kai Naira 1,241, wato sama da Naira 37,000 a wata, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024, kuma nama da kifi da ƙwai da nono su ne suka fi cin kuɗin. Masu iya magana sun ce tuwon girma miyarsa nama. An bar wa dattawanmu girman, an janye miyar.

Ko a gidan da naman yake, ba lallai ya isa cikin tsoho ba. Haƙora sun zube, ba ya iya tauna tsoka, sai ya tsotse ya miƙa wa jika. Kaka kuwa, ko haƙoranta talatin da biyu ne, rabonta na jikoki ne, wannan kowa ya sani. Mai son iyayensa su ci sai ya yi dabara: dambun nama, da hanta mai laushi, da dafaffen ƙwai, da alale, da awara, da ɗanwake, da fura da nono na gaske, da dakakken ƙuli-ƙuli a kwaɗon rama ko zogale, da garin busasshen kifi a miya. Duk ana samun su a Kasuwar Tarauni, ganye da kayan marmari kuma ga 'Yan Kaba. Kuɗin kwalba ɗaya ta bitamin ɗin waje zai sayi ƙwai na kwanaki. A rage zabga kanwa da daɗe dafa ganye, domin suna kashe wasu bitamin ɗin, a kuma raba shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Wanda ke da ciwon ƙoda ne kaɗai zai dakata, kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi asarar kuɗi. Saboda mun ɗauki ƙiba a matsayin lafiya, wasu kan saya wa tsohon da ya rame irin magungunan nan da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da aka gauraya da bitamin, wanda ke sa barci da jiri, abin da tsoho mai tangaɗi ba ya bukata ko kaɗan. Wasu kuwa dexamethasone ne, wanda zai kumbura fuska da ciki cikin 'yan makonni, a ce Baba ya murmure, alhali yana narkar da tsoka, yana rarake ƙashi, yana tayar da sukari da hawan jini. Haka nan ƙarin ruwan nan mai launin rawaya da ake ɗaura wa mutane a ɗaki, wanda launinsa kawai bitamin B ne, mafi yawansa kuma a fitsari yake ƙarewa. A 2024 hukumomi sun tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar Ɗangwauro, domin a san abin da ke shiga da fita. Mataki ne mai kyau, amma yana maganin jabu ne kawai. Ingantaccen maganin da aka ba wanda ba ya bukatarsa, babu jami'in NAFDAC da zai kama shi.

Saura batun hutu, wanda shi ne ya fi wuyar faɗa, domin ya taɓa tarbiyyarmu. Dattawan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna ba da labarin lokacin da yankin yake bayan gari, gonaki ko'ina, mutum ya tafi gona da ƙafa ya dawo, mace ta yi surfe da daka da tankaɗe da jan ruwa a rijiya. Ba ina kiran a mayar da tsofaffi bauta ba ne. Amma inji ya karɓi turmi, A Daidaita Sahu ta karɓi ƙafa, mu kuma 'ya'ya muka karɓe ragowar. Da zarar Baba ya ɗauki buta sai a yi wuf a karɓe, da Inna ta taɓa tsintsiya sai a ce haba Inna, ina yaran suke? Ladabi ne, amma ladabin da ya zaunar da mutum wuri guda daga asuba zuwa isha yana cin tsokarsa. A bar Baba ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, a raka shi idan ana tsoron mota, domin titunan yankin ba su bar wa mai tafiya a ƙasa wurin taka ƙafa ba. A bar Inna ta yi 'yan aikace-aikacenta a hantsi. Tashi da zama daga kujera sau goma, safe da yamma, motsa jiki ne na gaske, kuma ba ya bukatar ko kwabo.

A ɓangaren gwamnati, takardu ba su yi ƙaranci ba. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin lafiya. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiya ta musamman don tsofaffi tun 2012. Abin da nake nema daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano bai kai wannan tsada ba. A ware rana ɗaya a mako ta tsofaffi a ƙananan asibitocin mazaɓun Tarauni guda goma, kamar yadda aka ware ranar awo da ranar rigakafi. A ajiye tef da kujera da agogo, a koya wa ma'aikatan lafiya amfani da su. Duk wanda ya shekara huɗu yana shan metformin a riƙa duba masa B12, a kuma sa gwajin cikin abin da asusun taimakekeniyar lafiya na jiha ke biya. Wanda aka samu da rashi a ba shi abin da ya rasa, a adadin da ya dace, na lokacin da ya dace. Masu shirye-shiryen lafiya a gidajen rediyon Kano kuma, waɗanda tallan magani ya cika sa'o'insu, su samar wa sakofiniya suna da Hausa su riƙa faɗa, ko talaucin tsoka da na kawo, ko wani da ya fi shi daɗin baki, domin ma'aikaciyar lafiya a Unguwa Uku ta samu kalmar da za ta gaya wa ɗan da ya kawo mahaifinsa yana cewa sanyi ne ke damunsa.